Mai Takaba Ba Ta Tsallaka Zaure

Ranar da numfashin Mahamud ya fara sarƙewa, gidan Alhaji Mamman bai tsaya shawara da kowa ba. Mota ba ta shiga lungunan Birni, yashi ya yi yawa, hanya ta yi ƙunci, don haka maza suka naɗe shi a bargo suka ɗauke shi da hannu har bakin titi, Alhaji yana gaba yana cewa a ba su hanya. Ƙaninsa ne ciki ɗaya, kuma shi ne mai hannu a cikin dukawan da ke yi masa ɗinkin fata. An kai shi asibiti da wuri, an yi masa duk abin da ake yi wa mai ciwon huhu. Kwanansa ne ya ƙare.

Matarsa Bintu ce ta yi jinyarsa. Mutuniyar Gidimuni ce, gajeriya mai jiki, ta ba hamsin baya, kuma ta daɗe tana fama da ciwon sukari. Ita ta riƙa tare masa tari da gefen mayafinta, ita ta riƙa kwanciya a siminti kusa da gadonsa. Da maza suka dawo daga maƙabarta sai aka shigar da ita ɗakinta na ƙuryar gida ta fara takaba, tana wani ɗan tari ƙasa-ƙasa wanda babu mai lokacin saurara.

Gwaggo Balki ce ta karɓi aikin tsaronta ba tare da an roƙe ta ba. Yayar su Alhaji ce. Ta binne maza biyu, ta yi takaba biyu, kuma duk unguwar babu wanda bai san yadda ta yi su ba, don da bakinta take ba da labarin ko ba a tambaye ta ba. Ta ɗaura wa Bintu baƙin zane rinin shuni, ta cire mata 'yan kunne, ta karɓe salularta ta ƙulle a haɓar zani, ta damƙa mata 'yar wuƙa a hannun dama yadda tsofaffi suke yi, wai don kada mamacin ya riƙa zuwa mata. Sannan ta jero dokoki. Babu lalle, babu kwalli, babu ɗaga murya, kuma babu tsallaka zaure sai wa'adi ya cika.

"A gidan nan haka muka gada," in ji ta. "Ba irin takabar 'yan zamani ba, yau suna kuka gobe suna kasuwa."

Bintu ta ce, "To, Yaya."

'Ya'yanta biyu ne suka rayu. Namijin yana can arewa wajen haƙar zinariya, inda ko salula ba ta samunsa. Macen, Hasana, ita ce ta fari, tana aure a Takieta. Ta zo mutuwar ubanta, amma ta baro yaronta kwance da zazzaɓi, don haka ana gama sadakar uku ta shirya komawa, da alkawarin za ta dawo ranar bakwai. Da ta shiga sallama sai ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon uwar.

"Inna, wannan tarin fa?"

"Sanyin siminti ne," in ji Bintu, idonta a kan tabarma. "Je ki kula da yaro."

Ko da wuta ce ke cin ƙirjinta ba za ta faɗa wa wannan 'yar ba. Kunyar ɗan fari ta hana ta ko kiran sunanta tun ranar da aka raɗa shi, balle ta kai mata kuka.

Hasana na tafiya zazzaɓi ya sauko wa uwar. Bintu ta daina cin abinci, ba don ta ƙi ba, sai don taunawa da numfashi sun daina haɗuwa a lokaci guda. Ta daina magana sai kalma ɗaya ko biyu. Ta daina kwanciya, don da ta miƙe bayanta a ƙasa sai ta ji kamar an ɗora mata buhun hatsi a ƙirji. Haka take wuni zaune, kai a sunkuye, gwiwar hannu a kan cinya, kafaɗunta suna hawa suna sauka.

Mata 'yan gaisuwa kuwa sai shiga suke suna fita, ɗakin cike da su da yaransu, taga a rufe. Abin da ya fi ƙona rai shi ne yadda suka ga wannan zaman suka yi ta yabo.

"Kun ga takaba ta gaskiya," wata ta ce. "Ko kai ba ta ɗagawa."

"Tun jiya ko loma ba ta kai baki ba," in ji Gwaggo Balki, tana gyara zama. "Ni na koya mata. Ni ma da malam na farko ya rasu, sai da wuyana ya zama kamar sillen kara."

"Allah sarki, ashe haka take son bawan Allahn nan."

Bintu tana jin su. Ta so ta ce musu ba so ba ne, iska ce take nema. Amma kafin ta tara numfashin da zai ɗauki maganar, wasu sun tashi wasu sun zauna.

Da ɗaki ya ɗan yi sauƙi sai ta kamo gefen zanen Gwaggo. "Yaya, ƙirjina."

"Baƙin ciki ne, nan yake zama. Ni za ki gaya wa?"

"Maganina na sukari ya ƙare."

"Ke da ba ki cin komai, wane sukari kuma zai hau?"

Gwaggo ba muguwa ba ce irin ta tatsuniya, a wannan kam a yi mata adalci. Da hannunta ta tafasa ganyen turare da na dogon yaro, ta lulluɓe Bintu da bargo ta yi mata surace. Da hannunta ta kawo garwashi a kasko ta zuba ararraɓi, ta ja labule don kada hayaƙin ya tsere. Mace mai neman iska aka rufe cikin hayaƙi, ana yi mata sannu. Bintu ta yi tari har ta riƙe bango, Gwaggo tana cewa ai ciwon ne yake fita.

Washegari da la'asar wata baƙuwa ta zo gaisuwa. Esta ce, ma'aikaciyar jinya a ɗakin da Mahamud ya kwanta, Kirista mai dogon wuya da sanyin magana. A kwanakin jinya sun saba da Bintu, har suna cin ƙosai a takarda ɗaya. Ta durƙusa ta yi ta'aziyya yadda ake yi, sannan ta tsaya tana kallon kafaɗun nan masu hawa da sauka. Ta kamo hannun hagu na Bintu ta juya shi wajen hasken ƙofa. Da yake mai takaba ba ta ƙunshi, farcen a fili suke, kuma ƙarƙashinsu ya yi wani duhu mai shuɗi-shuɗi.

"Gwaggo, tun yaushe farcenta suka koma haka?"

Gwaggo ta leƙo. "Shunin zane ne. Sabon rini ne, ni na sayo shi. Dubi nawa hannun ma."

"Leɓenta fa?"

"Ba da zanen take share baki ba?"

Esta ba ta ja da ita ba. Ta tashi ta nufi zaure, inda Alhaji Mamman yake zaune a kan buzu yana karɓar gaisuwar maza. Ta jira har ya keɓe, ta rusuna daga gefe.

"Alhaji, a yi haƙuri da ni. Matar nan ba gajiya ke damunta ba. Irin ciwon marigayi ne, kuma nata ya fi tsoratar da ni saboda sukari. A kawo ta yau."

Alhaji ya ja carbi. Mutum ne mai faɗin fuska da tattausar murya, irin waɗanda ba a taɓa ji sun yi faɗa ba, kuma ba a taɓa ganin sun sauya magana ba.

"Madam, mun gode da zumunci. Allah ya bar mu tare. Amma kin san kowane gida da tsarinsa. Takaba take yi."

"Takaba ta hana a kai mutum asibiti?"

"Ba za ki gane ba. Jibi sadakar bakwai, mutane za su zo daga Gidimuni, daga Mirriya, har daga Kano. Su zo su tarar da tabarmarta babu kowa? Me zan ce musu? Bari bakwai ta wuce, sai mu gani."

"Numfashinta ba zai jira jibi ba, Alhaji."

"Shi wanda na kai muku da gudu, ina yake?" Ya faɗi wannan a hankali, har da ɗan murmushi. "Rai na Allah ne, Madam."

Alhaji Mamman ya yi karatu daidai gwargwado. Ya san sarai cewa addini bai ce a tsare mara lafiya a ɗaki ba, ya san mai takaba tana fita idan lalura ta kama. Abin da bai faɗa wa Esta ba shi ne abin da ya kwana yana juyawa a ransa. Wata muguwar mura ta zaga gari, mutane sun fara tsoro. Mutum ɗaya ya fita daga gida ya mutu, wannan ƙaddara ce. Amma idan aka ga an sake fitar da na biyu ta lungun nan a idon jama'a, sai a ce gidan Alhaji Mamman ciwo ya shiga. Dukawa su watse daga shago, baƙin Kano su sauka a wani gida. Wannan tsoron shi ya sa wa rawani ya kira shi takaba.

Esta tana fita lungu ta kira Hasana, don tana da lambarta tun lokacin jinya. Nan take Hasana ta kira Alhaji.

"Baba, an ce Inna ba ta da lafiya."

"Wa ya ce? Wannan Madam ɗin? Su aikinsu ke nan, kowa suka gani mara lafiya ne. Gajiya ce da kewa. Gwaggonki tana kanta dare da rana. Yaya jikin yaron naki, mai sunan malam?"

"Da sauƙi, ana yi masa ƙarin ruwa. Baba, a ba ni ita in ji muryarta."

"Mai takaba da surutu a salula? Ki kwantar da hankalinki, jibi kina nan."

Hasana ta kalli ɗanta da allura a hannu, ta kalli salular. Baffanta ne, shi ya ɗaura mata aure. Ba ta taɓa jin ya yi ƙarya ba.

Ana gobe bakwai gidan ya kacame da aiki. Ana surfe, ana jiƙa shinkafar masa, ana daka gumba. Da hantsi, ganin Gwaggo ta tafi duba tukwane, Bintu ta dafa bango ta miƙe. Daga tabarmarta zuwa labule ba wani nisa ba ne, amma sai da ta huta a hanya. Ta tsaya a bayan labulen tana jira har ta ji takun Alhaji yana wucewa ta tsakar gida.

"Alhaji."

Ya tsaya daga waje, bai ɗaga labulen ba.

"Irin na ƙaninka ne." Ta ja iska. "Na san shi. Haka ya fara. Gobe ba zan gane mutane ba."

Ita ce ta zauna a gefen Mahamud ta ga ciwon yana hawa mataki-mataki, don haka ta san inda take, ta san abin da ke gaba. Wannan sanin shi ne azabar da ta fi tarin.

"Haba Bintu," in ji Alhaji. "Ke da kowa ke yabon haƙurinki, yanzu za ki ba mu kunya? Shaiɗan ne yake sa miki waswasi. Zan sa a yi miki rubutu. Ki daure gobe kawai, ana shafa fatiha ni da kaina zan nemo mota."

"Ko da rufe fuska ne. A bi da ni ta baya."

"Gidan nan ƙofarsa ɗaya ce, kin sani."

Takunsa ya yi gaba. Gwaggo ta dawo ta tarar da ita durƙushe a bakin ƙofa, ta kama ta ta mayar da ita kan tabarma tana faɗa ƙasa-ƙasa, wai idan wani namiji ya gan ta tsaye a nan fa. Wuƙar ta faɗi a wajen labule, Gwaggo ta ɗauko ta mayar mata a tafin hannu, ta matse mata yatsu a kai.

Ranar bakwai tun da sassafe aka shimfiɗa tabarmi daga zaure har cikin lungu. Maza suka cika wurin, malamai a gaba, faranta na goro da dabino suna zagayawa. Hasana ta sauka daga motar Takieta ta shigo a ƙafa, ta ratsa gefen maza kanta a ƙasa. A tsakar gida mata suka yi ta yi mata sannu da zuwa, ba ta tsaya ba.

Ɗakin ya cika da mata da hayaƙi. An jingina Bintu da bango, an tokare ta da matasai ta kowane gefe don kada ta kife, an ja mata mayafi har goshi. Mata suna durƙusawa suna cewa ya haƙuri, Gwaggo tana amsawa a madadinta.

Hasana ta yaye mayafin. Idanun uwar a buɗe suke amma ba ita suke kallo ba. Bakin a hangame, leɓe ya bushe ya yi duhu, ramin wuyanta yana lotsawa ciki duk jan numfashi.

"Inna. Inna, ni ce."

Bintu ta motsa baki. "A ba shi ruwa," ta ce. "Ya ce ƙishi."

"Wa?"

"Mijinta take gani," in ji Gwaggo, ta juya wajen matan. "Kun ji ko? Har yanzu hidimarsa take."

Hasana ta miƙe tsaye. Ta kwance mayafinta, ta juya baya ta durƙusa a gaban uwar, ta jawo hannayenta ta ɗora a kafaɗunta. Sai a lokacin Gwaggo ta gane abin da ake shirin yi.

"Ke, me kike yi haka?"

"Asibiti zan kai ta."

"Yau? Maza cike da zaure? Ba ki da hankali? Mai takaba ba ta tsallaka zaure. So kike ki lalata mata ibada, ki ja wa ubanki nauyi a kabari?"

"Gwaggo, matsa mini."

"Bari a shafa fatiha mana. Abin da ya rage kaɗan ne."

"Ita ma abin da ya rage mata kaɗan ne."

Ta ɗaure uwar a bayanta da mayafi yadda ake goyon yaro, ta yunƙura. Bintu mace ce mai nauyi, amma Hasana ta miƙe da ita. Cikin matan da suka cika ɗakin babu wadda ta taimaka, babu kuma wadda ta tare. Suka dai buɗa.

Da ta sako kai cikin zaure karatu ya tsaya cak. Ƙafafun Bintu suna jan ƙasa, baƙin zanen ya zame har gwiwa, hannunta na dama yana reto da 'yar wuƙa a ciki. A cikin shirun nan kowa ya ji numfashinta, wani irin gurnani mai jiƙe kamar ana jan ruwa da tsinken kara. Alhaji Mamman ya miƙe ya tsaya a tsakiyar ƙofa.

"Hasana, koma da ita ciki. Za mu yi magana."

"Baba, ka ce mini gajiya ce."

"Na ce ki koma."

Sai limamin unguwa, tsohon da ke jan addu'ar, ya ɗago kai ya dubi goyon, ya dubi Alhaji.

"Alhaji, tun yaushe baiwar Allahn nan take haka?"

"Malam, takaba take, shi ya sa muka ce..."

"Wane littafi ya ce a tsare mara lafiya? Lalura ce. Ku ba ta hanya, ku kama mata."

Alhaji ya matsa gefe. Mutanen da suka zo daga Gidimuni, dangin Bintu, su suka fara tashi, suka karɓe ta daga bayan 'yar suka sa a tabarma. Aka bi lungu da ita da sauri, yashi yana cin ƙafa, mata suna leƙe ta kan katanga. A bakin titi aka tare adaidaita.

A asibiti an wuce da ita kai tsaye ɗakin masu ciwon huhu, ɗakin da mijinta ya bari. Esta tana bakin aiki. Ba ta ce ai na faɗa ba, ta dai jawo tukunyar iska ta ɗaura wa Bintu abin shaƙa a fuska. Da ta zo maƙala mata ɗan abin awo a yatsa sai ta tarar da hannun a dunƙule. Da ƙyar ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya ta zare wuƙar, ta miƙa wa Hasana. Ta dangwalo auduga da alkol, ruwan kashe ƙwayoyin cuta, ta goge farcen. Shunin da ke bayan hannun ya fita ya ɓata audugar. Na ƙarƙashin farcen bai motsa ba.

Hasana ta zauna a simintin da uwarta ta zauna makon jiya, tana kallon ɗakin. Gadaje a jere, kusan duk masu furfura ne. Wani tsohon direba mai hawan jini, wani mai ƙiba da ke zaune yana rungume da matashi, wani malamin lakwal, wato makarantar boko, mai ritaya da sukari ya riga ya cinye masa yatsun ƙafa. Kowa da abin shaƙa a hanci, kowa kafaɗunsa suna wannan hawa da sauka. Maza sun fi yawa nesa ba kusa ba. A ɓangaren mata gado uku ne kawai ke da mutane, kuma su ne suka fi kowa jin jiki.

"Ciwon ya fi kama maza ne?" ta tambayi Esta.

"Yana kama su sosai. Amma su da ƙafarsu suke shigowa, ko a kawo su tun suna magana. Matan sai sun daina tashi tukuna. Waccan sai da ta kasa ɗora tukunya aka lura ba ta da lafiya."

Da lokotoro, likitan ɗakin, ya zo ya ɗaga hoton ƙirjin Bintu wajen taga. Inda ya kamata a ga baƙi, fari ne ya mamaye, hagu da dama. Ya yi wa Hasana bayani a hankali. Ƙwayar mura ce ta sauka cikin huhu, irin wadda ba a kashe ta da allura ɗaya. Abin da ake yi shi ne a tallafi mutum da iska da magani har jikinsa ya yi yaƙin da kansa, kuma wannan yana son a zo tun jiki yana da sauran ƙarfi. Nata sukarin ya hau, ƙodarta ta fara gajiya.

"Za mu yi iyakar ƙoƙarinmu," ya ce. "Me ya sa aka daɗe haka? Daga ƙauye kuke?"

"Daga Birni," in ji Hasana.

Lokotoro ya dube ta, don daga tagar ɗakin ana iya hango hanyar Birni.

Iskar ta ɗan dawo da Bintu. Washegari ta gane 'yarta, ta sha cokali biyu na kunu. Hasana ta fara sa rai, har ta kira mijinta ta ce da sauƙi. Da yamma Alhaji Mamman ya zo da Gwaggo, da kwanon abinci da ledar lemo. Ya tsaya daga ƙofa, hannun riga a kan hanci, ya ce duk abin da ake bukata a gaya masa, shi bai taɓa ƙin kai kowa asibiti ba, lokaci kawai yake jira. Gwaggo ta matso har bakin gado, ta ga an sauya wa Bintu baƙin zanen da na asibiti, ta tafa hannu.

"Ina zanenta? Ina wuƙar? Haka za a bar ta tsirara, maza suna wucewa? Bintu, kin ga abin da 'yarki ta ja miki. Takaba ta karye, sai dai a sake daga farko."

Esta ta zo ta ce lokacin ziyara ya ƙare, ko da yake bai ƙare ba.

Maganar ta riga ta shiga. Bayan sun tafi Bintu ta kasa natsuwa, tana ta laluben shimfiɗa da hannun dama. Hasana ta sunkuya ta ɗaga mata abin shaƙar kaɗan.

"Na karya?" in ji Bintu.

"Ba ki karya komai ba, Inna. Liman da bakinsa ya ce a fito da ke. A gaban kowa ya faɗa."

"Ya ce?"

"Wallahi ya ce."

Bintu ta lumshe ido. Hawaye ya gangaro ta gefen robar. Wato da tun ranar farko aka tambayi tsohon nan, wanda gidansa ke bayan nasu, da amsar ke nan. Ta kamo yatsun 'yarta da hannun da ya saba da wuƙa.

"Hasana," ta ce.

Hasana ta shekara talatin da wani abu a duniya, ba ta taɓa jin sunanta a bakin nan ba. Ta kifa kai a gefen gadon ta yi kuka mai ciwo, don ta gane abin da kiran yake nufi.

Daga nan jikin ya yi ta sauka. An ƙara iska har iyakar abin da tukunyar ke bayarwa, an juya ta rubda ciki, an sauya magani. Ranar Laraba da hantsi, Esta tana riƙe da hannu ɗaya, Hasana tana riƙe da ɗayan tana yi mata kalmar shahada, kafaɗun suka daina hawa.

Kafin azahar an dawo da ita Birni. Gidan da ya ƙi fitar da ita ya karɓe ta da gaggawa, komai a shirye, likkafani har da turare mai tsada, Alhaji ne ya bayar. Mata suka cika tsakar gida suna jinjina abin.

"Ta bi mijinta. Dama irin wannan son ba ya barin mutum."

"Ni tun da na ga zaman nan nata na san ba za ta daɗe ba."

"Iskar waje ce ta buge ta," in ji Gwaggo Balki. "Tana ɗakinta lafiya lau muna lallaɓawa. Mai takaba aka fitar tsakar rana a gaban maza, me ake jira? Ni dai na faɗa."

Babu wadda ta ce mata a'a. Wasu ma kai suka gyaɗa, kuma da wannan labarin za su koma gidajensu, su ba 'ya'yansu.

Gwaggo ce ta yi wankan gawa, Hasana tana zuba mata ruwa. Da aka zo hannu sai tsohuwar ta tsaya a kan farcen. Ta murza da babban yatsa, ta sa sabulu ta sake murzawa, ta karkata hannun wajen haske. Kwana da kwanaki rabon jikin nan da baƙin zane.

"Bar shi, Gwaggo," in ji Hasana. "Ba shuni ba ne."

Gwaggo ba ta ɗago ba. Ta ajiye hannun a hankali, ta ce a ƙaro ruwa.

Da aka gama shiri Alhaji Mamman ya fito tsakar gida yana ba da umarni da tattausar muryar nan tasa. Ya sa aka kwashe buzu da tabarmin zaure, ya sa aka buɗe ƙyauren duka biyu har bango don makara ta wuce ba tare da ta gogi gini ba. Maza suka yi rige-rigen sa kafaɗa, kowa yana neman lada. Shi ne a gaba cikin lungu, yana cewa a ba su hanya.

Hasana ta tsaya a tsakar gida da 'yar wuƙar a hannunta, tana kallon ƙofar a wangale. Takabar Bintu ko wata ɗaya ba ta yi ba. Amma ranar, daga malamai har masu ɗaukar makara har Gwaggo Balki, babu wanda ya ce mai takaba ba ta tsallaka zaure.